Na yi musu bohol daidai da takarda, yanzu ana kirana maci amana

"Assalamu alaikum Anti, fatan kina lafiya ya aiki ya iyali. Dan Allah a sakaya sunana da na garin. Ni matashin injiniya ne, shekarata uku da fara karɓar ƙananan kwangiloli. Ƙungiyar ci gaban wani ƙauye, 'yan asalin garin dake zaune a Abuja da Kano da Legas harda wasu a waje, suka haɗa kuɗi suka bani aikin bohol mai sola. Abinda muka sa wa hannu shine haƙa, sumo wato injin turo ruwa daga cikin bohol, fanel na sola, tanki mai cin lita dubu 10 akan ƙarfe, da kan famfo 4. Garin zai kai mutum 1,500. Shugaban ƙungiya da dagaci su suka nuna min wurin, a ƙofar masallacin Juma'a kusa da gidan dagaci. Wallahi Anti ban ci ko kwabo a kayan aiki ba, komai mai kyau na saya, gwajin ruwa ne kawai ban yi ba saboda baya cikin takarda kuma da ya fito garau yake. Wata biyu da buɗewa ƙorafi ya fara. Mata sun koma tsohuwar rijiya wai ruwan in ya kwana ja yake yi yana ɓata fararen kaya, kuma wai wurin majalisar maza ce. Da asuba tanki babu ruwa. Fulanin rugar kusa sun ce an yi musu alƙawarin wurin shayar da shanu, ni ban taɓa jin maganar ba. Gindin famfon ya zama caɓi. Yanzu a guruf ɗinsu na WhatsApp ana kirana maci amana, sun riƙe min cikon kuɗina kashi 10. Wanda ya kawo ni aikin aminin mahaifina ne, kunyar haɗa ido nake da shi, barci ma ya gagare ni. In kai su kotu ne ko in haƙura in bar musu kuɗin in kama gabana?"

Wa'alaikumus salam ƙanena Injiniya. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma abinda ya fi tsaya min a rai ba kuɗin bane, kalmar nan ce ta maci amana, domin na san yadda take ƙuna a zuciyar mutumin da ya tsaya a rana yana duba kowane buhun siminti da kowane bututu don kada a cuci kowa. Na yarda da kai cewa baka ci musu kuɗi ba. Wanda ya ci kuɗin kwangila ba ya rasa barci, kashe waya yake yi ya sauya layi. To ka kwantar da hankalinka tukuna, ka sha ruwa, sannan ka saurare ni da kyau domin zan faɗa maka wata magana da ba lallai ta yi maka daɗi ba a karon farko.

Kai da mutanen garin nan duk gaskiya kuke faɗa. Kai kana cewa na yi abinda aka rubuta, su kuma suna cewa bamu samu abinda muke jira ba, kuma waɗannan maganganu biyu basa ƙaryata juna. Matsalar ita ce takardar da kuka sa wa hannu mutum biyu ko uku ne suka zauna suka tsara ta, kuma a cikinsu babu ko ɗaya da yake ɗaukar jarka ko bokiti da asuba. Shugaban ƙungiya yana birni, famfo na cikin banɗakinsa. Dagaci, Allah ya ƙara masa lafiya, kawo masa ake yi har zaure. Kai kuma baƙo ne. Waɗanda zasu yi rayuwa da bohol ɗin nan shekara da shekaru, 'yan mata da yara da tsofaffin mata da 'yan garuwa da makiyaya, babu wanda ya tambaye su komai, sai ranar buɗewa aka kira su su yi guɗa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ku kuma kun yi rufin ba tare da kun shiga ɗakin ba.

Ka ɗauki misalin tela. In ka kai masa shadda kace babbar riga da 'yar ciki da wando, ka faɗi irin aikin da kake so a wuya, ai baka tsayawa kace masa dan Allah ka tabbatar kaina zai shiga, ko ka sa min aljihu, ko kada zaren ya zuba in an wanke. Baka faɗa saboda a wurinka wannan ba abin faɗa bane, kowa ya sani. Amma ranar sallah in ka ɗauko rigar kai ya ƙi shiga, tela ya ce maka ai baka rubuta ba, zaka yarda? Haka matar ƙauyen nan take. A wurinta ruwa shine abinda zata wanke farin hijabin 'yarta na islamiyya ya fita fes, ta dama koko bai sauya kala ba, ta aiki yarinya ta je ta dawo ba tare da ta ratsa dattijai ashirin dake zaune kan tabarma ba. Bata faɗa ba don bata taɓa zaton akwai wanda bai san haka ba.

Masana harkar ingancin aiki sun daɗe da gane wannan, ba wai ra'ayina bane kawai. A ma'aunin duniya na ISO 9000, da aka zo fassara buƙatar da aiki zai cika kafin a ce yana da inganci, an kasa ta uku, wadda aka furta, da wadda aka saba ɗauka cewa kowa ya sani ko ba'a faɗa ba, da wadda doka ta wajabta. A bugun ISO 9001 na shekarar 2015 kuwa akwai sashe guda, na 4.2, da aka ware don fahimtar buƙatu da tsammanin masu ruwa da tsaki. Akwai kuma wani farfesa ɗan Japan, Noriaki Kano, sunansa ya yi kama da na garinmu amma babu alaƙa, wanda a 1984 ya fito da bayanin da nake ganin kamar don kai aka yi shi. Ya nuna akwai abubuwan da in ka yi su babu mai gode maka amma in ka bar su za'a yi fushi da kai sosai, akwai waɗanda gwargwadon yawansu gwargwadon jin daɗin mutane, akwai kuma waɗanda ba'a zata ba, in sun zo a yi murna in basu zo ba babu komai. Kai ka zuba ƙarfinka a na biyun, sumo mai ƙarfi, tanki mai kyau, ƙarfe mai kauri, amma kashin farko ne ya kayar da kai, kuma shi dama ba'a rubuta shi a takarda, sai dai a je a zauna da mutane a tono shi.

Kuma kada ka ɗauka ƙarancin shekarunka ne ya jawo, manya masu dalar Amurka sun faɗa wannan ramin. Akwai wani famfo da aka yi ta yayi a kudancin Afirka mai suna PlayPump, an haɗa shi da lilon yara mai juyawa, yara na wasa ruwa na hawa tanki. A hoto abin gwanin sha'awa, har a 2006 aka yi shelar tallafin dala miliyan 16.4 daga gwamnatin Amurka da wasu gidauniyoyi don a baza shi. Da aka koma ƙauyuka irin na Mozambik sai aka tarar yara basa wasa a lokacin da ake buƙatar ruwa, mata ne harda tsofaffi suke tura lilon da hannu suna haki, a wasu wuraren ma an cire musu famfon tuƙa-tuƙa da suka saba dashi ba tare da an nemi ra'ayinsu ba. Zuwa 2010 ƙungiyar dake baza shi ta naɗe tabarmarta. Ba lalacewar inji kaɗai bace matsalar, masu ɗibar ruwan ne ba'a tambaya ba.

Yanzu bari in bi mutanen nan ɗaya bayan ɗaya domin ka daina ganinsu a matsayin taron maƙiya. 'Yan ƙungiya dai kuɗin guminsu suka cire, wani ya hana kansa wani abu ya turo, da yawansu da niyyar sadaka mai gudana ga iyayensu da suka rasu, kasan matsayin shayar da ruwa a addini. Sai ga uwarsu ko gwaggonsu ta bugo waya tace ruwan naku ja ne mun koma rijiya. Me kake so mutum ya yi tunani daga Legas? Bai ga bututun da ka sa ba, bai san sumo na gaske da jabu ba, abinda ya sani kawai shine 'yan kwangila sun sha cutar mutane, sai ya saka ka a layinsu. Zagin da suka yi maka ba daidai bane, kuma zan so wata rana su nemi afuwarka, amma tushensa tsoro ne da kunya, ba ƙiyayya ba. Shugaban ƙungiyar kuwa ina zargin shima a matse yake, domin shi ya zaɓi wuri, wataƙila ma shi ko wani na kusa dashi ya yi wa Fulani alƙawarin nan da baki, to in laifi ya tsaya a kanka shi ya tsira. Ka san da wannan a ranka amma kada ka fito dashi a bainar jama'a, in ka tona shi ka rasa mutumin da zai sa hannu a biya ka.

Dagaci kuma ba mugunta ya yi ba. Ƙofar masallaci fili ne na kowa babu rigimar gado, masu alwala zasu amfana, ga tsaro domin ɓarayin fanel basa son inda ake zama dare da rana, ga kuma martabar a ce a ƙofar gidansa aka yi. Dalilai ne masu kyau, sai dai duk dalilan maza ne. Matan aure da yawa basa fita, 'yan mata ake aika, budurwa kuma ta gwammace ta yi tafiya mai nisa zuwa rijiya da ta sunkuya tana cika bokiti a gaban abokan babanta. Makiyaya su kuma ka tuna saniya ɗaya a lokacin bazara tana iya shanye jarka guda ko fiye a rana, in aka ce musu ruwa na zuwa gari dole su sa rai, kuma in aka bar maganarsu a haka ba'a warware ba, nan gaba shanu zasu zo gindin famfo a yi rigimar da tafi ta yanzu muni.

Sai kai. Laifinka a wurina guda uku ne kuma ina so ka karɓe su hannu biyu. Na farko gwajin ruwa. Ruwan da mutane zasu sha ba'a miƙa shi sai an gwada, ko an rubuta ko ba'a rubuta ba, kai ne mai ilimin a cikinsu, su basu san ana yi ba. Na biyu caɓin nan, duk wanda ya kafa kan famfo yasan ruwa zai zuba, daɓen siminti mai gangara da 'yar kwata da ramin tsotse ruwa ɓangare ne na aikin. Na uku, da aka baka lissafin tanki ɗaya da famfo 4 ga mutum 1,500 ya kamata ka ɗauki biro ka nuna musu ba zai isa ba. Ko a ma'aunin Sphere da ƙungiyoyin agaji ke amfani dashi a sansanonin gudun hijira, wato mafi ƙarancin abinda za'a lamunta, mutum ɗaya lita 15 ne a rana, kan famfo ɗaya kuma mutum 250. Ka lissafa, lita dubu 22 da 500 kenan a rana da kan famfo 6, babu dabba ko ɗaya a ciki. Sola kuma da rana take aiki, mutane kuwa da asuba da yamma suke ɗiba, to ɗibar yamma ta kwashe tanki, dare babu rana, da asuba sai iska a bututu. Ba sumonka bane ya gaza, ajiyar ce ta yi kaɗan. Wannan da ka rubuta musu tun farko ko a saƙon waya ne, yau da kai ke da bakin magana.

Amsar tambayarka kuwa, kada ka je kotu yanzu, kuma kada ka bar musu kuɗin ka gudu. In ka gudu ka sa hannu kenan akan sunan da suka laƙaba maka, kuma irin aikin nan naku da baki yake yawo, ƙauye ya faɗa wa ƙauye. In ka je kotu wataƙila ka ci nasara tunda takarda na bayanka, amma ka rasa aminin mahaifinka, bohol ɗin kuma ya zama kango da sunanka a jiki.

Abu na farko, ka cire hannunka daga guruf ɗin nan. Ka rubuta saƙo ɗaya tak, gajere, cikin ladabi, kace kaji ƙorafin jama'a, zaka je garin da kanka ka duba, kuma zaka kawo rahoto a rubuce nan da sati biyu. Daga nan ko me aka rubuta kada ka tanka, domin gardamar waya bata da alƙali, mutum hamsin kowa na son a ga shima ya yi magana.

Sannan ka shirya ka je ka kwana biyu a garin, zuwa da kai yafi aike. Ka fara da gaishe da dagaci, ka ce ranka ya daɗe na zo ne in ga inda aikina ya gaza in gyara, ka nemi izininsa zaka zagaya ka ji ta bakin jama'a, kada ya ji labari a wurin wani. Washegari tun kafin a fito sallar asuba ka samu benci ka zauna nesa kaɗan da famfon da littafi a hannu har magariba. Ka rubuta ƙarfe nawa ruwa ya fara zuwa, ƙarfe nawa tanki ya cika in ma yana cika, ƙarfe nawa ya ƙare, jarka nawa aka ɗiba, minti nawa jarka ke ɗauka kafin ta cika, su waye ke zuwa, su waye ke wucewa da bokiti su nufi rijiya. Ka hau ka shafa fanel ɗin da yatsa, in ƙurar hunturu ta rufe su kaga wani ɓangare na matsalar tun a nan, domin na tabbata babu wanda aka koya wa goge su. Wannan yini ɗayan zai koya maka abinda mitin goma a Abuja ba zai koya maka ba.

Matan kuwa ba zasu buɗe maka ciki ba, kai namiji ne kuma baƙo, in ka tara su a gaban dagaci zasu ce komai lafiya lau Allah ya saka da alheri, su koma gida su ci gaba da zuwa rijiya. Ka tafi da mace, yayarka ko ƙanwarka mai hankali, ko ka roƙi malamar islamiyya ko ma'aikaciyar asibitin garin ko ungozoma, ta shiga gidaje lokacin da aka gama aikin rana. Kuma kada ta tambaye su wai kuna son bohol ɗin? Ta tambaye su jiya ina kuka ɗebo ruwa, waye ya ɗebo, me yasa can, wane ruwa kuke sha wanne kuke wanki dashi, in da za'a ja famfo zuwa wani wuri ina kuke so. Ta ce a nuna mata kayan da ya ɓaci da randar da ruwan ya kwana. Kai kuma ka je ruga ka gaida arɗo, ka ji waye ya yi alƙawarin da kuma shanu nawa ake magana, kada ka ɗauki alƙawari ko ɗaya a wurin, ka ce zaka isar. Ka tsaya da 'yan garuwa ma, su suka fi kowa sanin lissafin ruwan garin, kuma ka lura ko akwai wanda bohol ɗin ya taɓa masa abinci yake hura wutar.

Maganar jan ruwa, yadda ka kwatanta, ya fito garau in ya kwana ya yi ja, alama ce ta sinadarin ƙarfe, yana narke a ruwa a ƙarƙashin ƙasa, in ya sha iska sai ya koma tsatsa ya kwanta. Ma'aunin ruwan sha na Najeriya ya ƙayyade shi a miligiram 0.3 a kowace lita, sama da haka yake fara ɓata tufa da sauya ɗanɗano. Galibi ba shine ke kwantar da mutum ba, rijiyar da suka koma mai buɗaɗɗen baki ta fi shi hatsari nesa ba kusa ba musamman ga yara da damina, shi yasa nake ganin gyaran nan gaggawa ne. Amma kada ka tsaya a zato, ka ɗebi ruwan ka kai RUWASSA, wato hukumar samar da ruwa da tsafta a karkara ta jiharku, ko ɗakin gwaji na jami'a, su baka kwalba da yadda ake ɗiba, a duba ƙarfe da ƙwayoyin cuta da sauran abubuwan da ma'auni ya lissafa. Ka ɗiba kashi biyu, ɗaya daga bakin bohol bayan sumo ya jima yana aiki, ɗaya daga kan famfo, domin a gane daga ƙasa ƙarfen yake ko wani bututun ƙarfe ne a layinka yake tsatsa. In bututu ne naka ne, ka sauya da na roba. In daga ƙasa ne ba kai ka zuba shi ba, kuma yana da magani, a sa ruwan ya sha iska ya kwanta sannan ya bi ta matatar yashi da tsakuwa kafin ya isa famfo, abu ne da magini na gari zai iya ginawa in ka zana masa, sai dai yana son wanda zai riƙa wanke yashin.

In ka dawo sai ka zauna ka rubuta shafi biyu, kada ya wuce haka don a karanta. Ka ware abinda yake naka, gwaji da daɓe da kwata da koya wa mutum biyu goge fanel da kula da sumo, ka ce waɗannan zan yi da kuɗina zuwa rana kaza. Gyara kayanka baya zama sauke mu raba, kuma mutumin da ya fara da cewa ga nawa laifin ya kashe rabin wutar kafin a buɗe baki. Ka ware abinda yake sabon aiki ne da ba'a biya ka ba, ƙarin tanki, jan bututu zuwa cikin unguwa inda matan suka zaɓa a kafa wasu kawunan famfo, matatar ƙarfe, kwamin shayar da shanu can nesa da inda mutane ke ɗiba, kowanne da kuɗinsa a gabansa, ka jera su daga wanda yafi gaggawa, ni a ganina jan famfo wurin mata da matata su ne gaba. Ka ga ba sai an taɓa na ƙofar masallaci ba, ya zauna na alwala da maƙwabta, martabar dagaci na nan. Sai kuma abinda ba na injiniya bane, na gari ne, wato kwamitin kula da ruwa da mata a ciki, lokutan buɗewa da rufewa don a riƙa rage na asuba, da ɗan abinda za'a riƙa tarawa don gyara, domin sumo zai lalace wata rana kuma in babu asusu a ranar za'a sake neman wanda za'a zaga.

Wannan takardar kada ka fara jefa ta guruf. Ka je gida wurin aminin mahaifinka, ka durƙusa ka gaishe shi, kace Baba na zo ne in nuna maka abinda na gano kafin kowa ya gani. Kunyar da kake ji shima irinta yake ji, shi ya tsaya maka, kuma shirunka ya fi ƙorafin mutane damunsa. Ka roƙe shi ya haɗa ka da shugaban ƙungiya ku uku, a ba shugaban dama ya zama shine zai kai wa jama'arsa mafita da bakinsa. A zaman nan ne zaka kawo maganar kuɗinka, ba da faɗa ba. Riƙe wani kaso na kuɗin kwangila har a ga lafiyar aiki abu ne da aka saba, amma ana yinsa ne da wa'adi da sharaɗi, ba har sai ranar da kowa a guruf ya huce ba. Ku rubuta ƙarara me za'a gani a ce ka gama naka, misali sakamakon gwaji a hannu, gindin famfo a bushe, ruwa na hawa tanki a rana mai haske, da sunan waɗanda zasu duba su sa hannu, wakilin ƙungiya da na dagaci da mace ɗaya daga masu ɗiba, da ranar da za'a biya. In zasu yarda a baka rabi yanzu rabi bayan gyara ya fi. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, akan rubuta bashi ta sauka, don haka kada kowa ya ce maka ai mu 'yan uwa ne ba sai an rubuta ba.

In sun ce basu yarda da bincikenka ba tunda kai ne mai aikin, kada ka ji haushi, ka ce su kawo injiniyan da suka amince dashi ko a roƙi ma'aikacin RUWASSA ya zo ya duba, ka yarda da abinda ya gani. In sun ce babu kuɗin sabon aiki yanzu, ka yi naka ka bar musu lissafin a hannu, ka nuna musu wanda za'a iya farawa dashi da kuɗi kaɗan. In kuma ka gyara naka duka, an duba an gani, suka ci gaba da riƙe haƙƙinka, to sai a je ga dattijai da liman a yi sulhu, in hakan ma ya ƙi akwai kotunan ƙananan ƙararraki a jihohi irin su Kano da Legas da aka kafa don irin wannan bashin, a lokacin zaka shiga da hotuna da rasit da sakamakon gwaji da takardar da suka sa wa hannu, babu wanda zai ce ka yi gaggawa. Amma jikina na bani ba za'a kai nan ba.

Kwangila ta gaba kuma, kafin ka kira mai injin haƙa, ka sa kwana biyun nan na zama da mutane da kuɗin gwajin ruwa a cikin lissafinka tun farko, ka tambayi mai baka aiki waye zai yi amfani da abin nan kullum, waye zai gyara in ya lalace, waye aka yi wa wani alƙawari da baki, ka je ka gansu da idonka, abinda aka ce ba za'a yi ba shima a rubuta shi a karanta a gaban kowa. Yanzu dai ka kira aminin mahaifinka yau ɗin nan kafin ka kwanta, ko gaisuwa ce kawai, ka ce masa kana nan tafe. In sakamakon gwajin ya fito ka turo min in gani, ina son in san ko daga ƙasa ƙarfen yake. Allah ya warware maka, ya sa albarka a hannunka.